Hammadu Ɗaya Ya Ishi Abuja

Idan ana lissafin mutanen da Allah ya yi wa Abuja kyauta da su, a fara da Injiniya Ɗanlami Garkuwa, sannan a ɗan huta kafin a ambaci na biyu. Shi ne Babban Jami'in Tsara Bayanai, Daidaita Alƙaluma da Hangen Nesa a wani shirin rigakafin dabbobi mai ofis a saman wani bene a Utako. A takardar ɗaukarsa aiki "mai kula da kwamfuta" aka rubuta, amma Injiniya mutum ne mai tausayi, bai ga dalilin da zai sa 'yan kalmomin nan su ɗauki nauyinsa su kaɗai ba, sai ya nemo musu mataimaka. Mai fenti ya zo rubuta sabon muƙamin a ƙofa, allo ya ƙare muƙami bai ƙare ba, aka kafa wani allon a ƙasa.

Ba ya rabuwa da katin shaidar aiki a wuya. Da shi yake zuwa ɗaurin aure, da shi yake zuwa ta'aziyya, don kada masu makoki su shiga ruɗani game da wanda ya zo musu. Direbobin ofis suna kiransa Oga Ifishensi, saboda kalmar Turancin nan ba ta barin bakinsa. Ma'anarta a wurinsa ita ce a yi abu da sauri, ko mene ne abin, ko ya yiwu ko bai yiwu ba. Ya daɗe da gano cewa gaisuwar Hausa ɓarnar lokaci ce, gaisuwa cikin gaisuwa: kwana a cikinsa gajiya, gajiya a cikinta iyali, iyali a cikinsu yara. Saboda haka ya tattara ta gaba ɗaya ya mayar da ita kalma biyu. In ka ce masa ina kwana, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Duka lafiya," ya wuce ya bar ka da sauran tambayoyinka a baki. Surukinsa ma haka ya yi masa ranar Sallah, kuma har yau dattijon bai gama mamaki ba.

Makaminsa wani tsohon harshen ba kwamfuta umarni ne da ake kira Perl. Injiniya yana ƙaunar harshen nan don babu mahaluƙin da ke iya karanta abin da ya rubuta da shi a duk benen. In an kwana biyu shi ma ba ya iyawa, amma wannan sirri ne tsakaninsa da Mahaliccinsa.

Sai a yi haƙuri da ɗan bayani, don girman Injiniya ba ya fahimtuwa sai da shi. Bayanan shirin suna zaune ne a wani tsari da masu sana'ar ke kira hash. A ɗauke shi kamar kabad mai durowoyi, kowace durowa da suna manne a goshinta. Sunan nan shi ake kira mabuɗi, da shi ake jawo abin da ke ciki. Doka ɗaya ce tak: durowa biyu ba sa ɗaukar suna ɗaya a kabad ɗaya. In ka kawo sabon kaya da sunan da ke nan tun farko, kwamfuta ba ta musu, ba ta tambaya. Zubar da na da take yi, ta zuba sabo, ta yi shiru.

A ofishin nan kabad ɗin cikin kabad yake. Ka jawo durowar Gwagwalada, ka tarar da durowoyin rugage. Ka jawo ta Paikon Kore, ka tarar da lambobin da masu ƙidaya suka ba kowace bukka. Ka jawo lamba, ka tarar da sunan mai gida da yawan shanunsa. Wani bawan Allah da ya riga Injiniya zama a kujerar ne ya tsara shi haka. Injiniya ba ya ambatarsa sai da "marigayi", ko da yake mutumin yana nan da ransa a Kubwa yana kiwon kifi.

A ɗaya daga cikin durowoyin can ƙasa, ƙarƙashin Gwagwalada, ƙarƙashin Paikon Kore, ƙarƙashin lambar bukkarsa, akwai wani Hammadu. Siririn mutum ne mai ƙarancin magana, da garken fararen shanu da ya gada daga mahaifinsa. Ban da garken ba shi da komai a duniya sai matarsa Asta da 'ya'yansu da sandarsa. A farkon daminar nan labari ya zo cewa ciwon huhu ya ɓulla a garkunan wajen Abaji, yana hawowa arewa. Wanda ya san ciwon nan ya san ba ya shiga garke ya fita da ladabi. Allura ce kawai ke tare shi, kuma sai an yi ta kafin ya iso. Ko shanun Hammadu za su sami allurar ko ba za su samu ba, ya rataya ne a kan adadin da kwamfutar Utako za ta faɗa, don da adadin nan ake odar magani daga hedikwata.

Mai yin odar ita ce Dakta Mabel, likitar dabbobin shirin, 'yar Orozo, mace guntuwa mai saurin tafiya wadda takalminta ba ya rabuwa da shaidar inda ta fito. Ta hau benen ta tura ƙofar Injiniya ba tare da ta tsaya karanta allunan ba, laifin da bai taɓa yafe mata ba.

"Oga Injiniya, total na shanu kawai nake so," in ji ta. "Ciwon yana zuwa, maganin kuma tana ɗaukan lokaci kafin ta iso."

Injiniya ya danna maɓalli. Tsohon tsarin yakan ɗauki kamar lokacin shan kofin shayi kafin ya ba da jimilla, don sai ya bi durowa durowa. Suka zauna suna kallon ɗan zoben jira yana juyawa a allon kwamfutar. Amsar tana dab da fitowa Injiniya ya rufe kwamfutar da tafin hannu.

"Dakta, kin ga abin da na gada daga marigayi," ya ce. "Kwamfuta ta shiga ƙaramar hukuma, ta cire takalmi ta shiga ruga, ta yi sallama a bukka, ta sha ruwa, sannan ta tambayi lafiyar shanu. This is not data. Wannan ziyarar dangi ce. Ba zan ba ki amsa daga tsari irin wannan ba, mutuncina ba zai bari ba. Ki ba ni lokaci in yi restructuring, in sake tsarin tun daga tushe."

Dakta Mabel ta ce amsar ai ta kusa fita. Injiniya ya yi mata murmushin da ake yi wa yaro in ya tambayi inda rana take kwana.

Don ceto lokacin shan kofin shayi, Injiniya ya shafe makonni. Ya manna takarda a ƙofa mai cewa ana tiyata. Ya hana mai shara shiga, wai ƙura tana rikita tunani. Ya sa an janye wayar janareta daga ɗakin firjin magunguna zuwa nasa na wasu awoyi kullum, don kada wuta ta ɗauke a tsakiyar ilhami. Kowace safiya Dakta Mabel takan leƙo ta ce ciwon ya tsallako wani ƙauyen, shi kuma ya ɗaga yatsa ɗaya ba tare da ya waiwayo ba. A taron ma'aikata na ranar Litinin ya miƙe ya bayyana falsafarsa, hannu ɗaya a aljihu, ɗaya yana yanka iska.

"Na cire ƙaramar hukuma," ya ce. "Makiyayi bai san iyaka ba, saniya ba ta karanta allon maraba. Na cire ruga, don ruga yau tana nan, gobe sai toka da kashin shanu. Sai lamba. Jama'a, lamba. Mutum mai daraja, mai uwa da uba, a liƙa masa lamba kamar wanda ke zaman kaso a Kuje. Not under my watch. Mutum yana da suna, kuma sunansa ne zai zama mabuɗinsa. Kabad ɗaya, hawa ɗaya: suna, shanu. Finish."

Aka tafa, don maganar mutuncin ɗan Adam ta shigo, kuma ba wanda ke so a gan shi hannu a naɗe. Don kada a ce bai yi hangen nesa ba, tunda hangen nesa yana cikin muƙaminsa, ya ƙara da cewa ya haɗa sunan kowane makiyayi da na mahaifinsa, saboda ya san akan yi takwara. Ya faɗi haka yana kallon Dakta Mabel, kamar ita ce ta ƙirƙiro takwara don ta ba shi wahala.

Abin da bai tsaya tambaya ba, don tambaya ma ɓarnar lokaci ce, shi ne yadda sunayen suka shiga kwamfutar tun farko. Masu ƙidaya da hantsi suka riƙa isa rugage, maza sun fita kiwo, mata ne a gida. Bafulatana kuwa ba ta kama sunan yanka na mijinta, balle na surukinta, ko gwamnati ce ta zo da kanta. Sai ta sunkuyar da kai, wata maƙwabciya ta faɗi sunan da kowa ke kiransa da shi, na jerin haihuwa: ɗan fari Hammadu, mai bi masa Sambo, sai Yero, sai Pate. Uban ma haka. Wato Hammadu Sambo, Sambo Hammadu, Yero Hammadu, haka ake ta juya 'yan sunayen nan daga Abaji har Bwari. Da yake garke a hannun ɗan fari ya fi zama, kuma shi ma daga ɗan fari ya karɓa, Hammadu Hammadu ya fi kowa yawa. A tsohon tsari wannan bai dami kowa ba, kowane Hammadu yana cikin lambarsa, lambar cikin rugarta.

Ranar da tiyata ta ƙare Injiniya ya sa babbar riga, ya kira mai ɗaukar hoto, ya danna maɓalli. Kwamfuta ta ɗauko Hammadu Hammadu na farko ta sa shi a durowa. Ta ɗauko na biyu, ta ga sunan yana nan, ta zubar da na farko da shanunsa, ta sa na biyu. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya cikin biyayya. Hammadunmu na Paikon Kore ya zauna a durowar na lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, wani na Kwali ya ture shi, shi ma wani ya ture shi. Wanda ya rage a ƙarshe wani tsoho ne a bayan Karshi mai saniya ɗaya da maraƙi. Ba don ya fi kowa ba ya tsira, layi ne ya ƙare a kansa. Abin da ya sami Hammadu shi ya sami Sambo da Yero da Pate.

Jimilla ta fito kafin yatsan Injiniya ya bar maɓallin. Wannan kam gaskiya ce, kuma ba za a ci masa haƙƙi ba: sauri ya samu.

Ƙaramin mutum, in ya ga dubban makiyaya sun koma abin da bai cika motar bas ɗaya ba, gabansa zai faɗi, ya koma ya duba aikinsa. Injiniya ba ƙaramin mutum ba ne. Ya jingina da kujera, ya cire tabarau, ya goge shi a hankali da gefen riga, ya fahimci cewa ya bankaɗo badaƙala. Ƙasar da ta saba da ma'aikatan bogi da 'yan fansho na bogi, ashe har makiyayan bogi take da su, kuma Allah ya ajiye gano su sai a hannun Ɗanlami Garkuwa.

Aka kama ɗakin taro a wani otal a Wuse. Wakilan masu ɗaukar nauyin shirin suka zauna a gaba da robobin ruwa. Injiniya ya hau dandamali ya tsaya yana gyara katin wuyansa, don jama'a su ƙoshi da ganinsa kafin su fara ji.

"Distinguished ladies and gentlemen," ya fara. "Shekara da shekaru ana yi wa fatalwa allura a wannan Territory ta Abuja. Ni ban zo da ɗan sanda ba. Ban zo da kwamitin bincike ba. 'Yan layukan Perl na zo da su. Na juya tsari, na kwance ƙulli, na zubar da kitse, gaskiya ta fito da ƙafarta. Mutum ɗaya, wani wai shi Hammadu Hammadu, ya yi rajista a kusan kowace ruga daga Abaji zuwa Bwari. One man. Ban san irin babur ɗin da yake hawa ba, amma ina jinjina wa bakanikensa."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Dakta Mabel ta ɗaga hannu daga baya, ta miƙe kafin a ba ta izini.

"Oga, ni na je rugan nan da ƙafana. Na ga mutanen, na taɓa shanunsu. Wani saniya ma ya harbe ni a nan, har yanzu wurin yana ciwo."

"Dakta," in ji Injiniya cikin taushin murya, "abin da ido ya gani anecdote ne, labarin bakin kasuwa. Abin da kwamfuta ta gani shi ne data. Mutum ɗaya kika gani yana canza hula. Game da harbin kuma, ina miki jaje."

Wakilan suka tafa, kuma har zuciya suka tafa, don ba kullum ake kiransu taro a ce musu su rage abin da suke bayarwa ba. Odar magani ta tafi da sabon adadi. Da maganin ya iso, a 'yar kula ɗaya ya zo, irin wadda ake zuba kunun aya a ciki ranar suna.

Ranar allura a Paikon Kore Injiniya ya ce zai je da kansa, don ya ga yadda ƙarya ke ƙarewa. Bai taɓa taka ruga ba. Ya sauko daga motar ofis cikin farar shadda da takalmi sau ciki, hankici a hanci. Filin ya cika maƙil. Shanu har inda ido ya tsaya, ƙaho na gogar ƙaho, makiyaya a tsaye da sanduna a kafaɗa tun asuba. Injiniya ya dubi gabas ya dubi yamma, ya gyaɗa kai irin na wanda ya san Abuja. Ya ce da direba a hankali, "Hayarsu aka yi. Yadda ake cika filin taron siyasa."

Ardon wurin, dattijo mai farin gemu, ya taso da jama'arsa ya fara gaisuwa tun daga gajiyar hanya. Injiniya ya ɗaga hannu ya ce duka lafiya. Ardo ya tsaya da hannu a miƙe, ya waiga ya ga ko da wani ake.

Aka ba Injiniya lasifika. Ya buɗe kwamfuta a kan bonet ɗin mota ya kira suna na farko.

"Hammadu Hammadu."

Rabin filin ya motsa. Dogaye da gajeru, samari da masu furfura, suka tako gaba cikin natsuwa, kowa ya amsa sunansa kamar yadda aka koya masa a gida. Injiniya bai girgiza ba. Mutum mai data ba ya girgiza.

"Ɗaya daga cikinku ne kawai Hammadu Hammadu," ya ce, lasifika na kai muryarsa har bayan fili. "System ya ce yana da saniya ɗaya da maraƙi. Mai saniya ɗaya da maraƙi ya matso. Sauranku ku koma gida ku bincika ko ku su wane ne."

Ba wanda ya matso, don tsohon Karshi yana can gidansa, bai ma san ana yi ba. Injiniya ya rubuta cewa ko shi na gaskiyar bai zo ba, abin da ya ƙara tabbatar da zarginsa.

Dakta Mabel ba ta tsaya sauraron sauran jawabin ba. Ta naɗe hannun riga ta buɗe kula ta fara da garken da ya fi kusa. Kafin rana ta take tsaka kwalba ta ƙarshe ta ƙare. Hammadunmu yana can baya. Da sassafe ya zo, amma ya ba wani kawunsa wuri, sannan ya ba wani dattijo da ya fito daga nesa, don a gidansu ba a koya masa turereniya ba. Da ya iso gaba sai kula a buɗe da narkakkiyar ƙanƙara.

"Malam Hammadu, ka yi haƙuri, maganin ta ƙare," in ji Dakta Mabel, ba ta iya kallon idonsa ba. "Zan rubuta a ƙaro."

"To, Likita. Allah ya kawo."

Ya juya garkensa suka kama hanya. Garkunan da ba su taɓa haɗuwa ba sun wuni a fili ɗaya suna shaƙar numfashin juna, har da waɗanda suka fito daga wajen da ciwon yake. Aka taru don a tare cuta, aka watse an raba ta daidai wa daida.

Nan kam dariya ta ƙare mini. Kafin dawa ta fitar da kai tari ya shiga garken Hammadu. Saniya takan tsaya ta miƙa wuya, ta buɗe ƙafafun gaba, tana nishi kamar an ɗora mata dutse, ta ƙi ciyawa. Asta ta daina ɗaukar ƙwaryar nono zuwa Gwagwalada, don babu abin zubawa a ciki. Mahauta suka gane hanyar rugar. Akwai wata tsohuwar saniya da mahaifin Hammadu ya nuna masa da sanda yana yaro ya ce taka ce, kuma rabin garken jikokinta ne. Ranar da ta kwanta, Hammadu bai bari mahauci ya taɓa ta ba. Ya zauna a gefenta yana kore mata ƙuda har ta daina buƙata.

Dakta Mabel ta rubuta wa hedikwata, ta sake rubutawa, ta buga waya har suka gane lambarta. Nacinta ya sa manyan can suka koma suka karanta rahoton Injiniya a tsanake. Suka amsa cewa ba sa yi wa bogi allura, kuma jami'insu na bayanai ne da kansa ya tabbatar da hakan. Suka ƙara da cewa makiyayan da ba su cika bas ɗaya ba ba sa buƙatar ofis a Abuja, don haka shirin ya kammala aikinsa cikin nasara, za a rufe shi ƙarshen wata. Injiniya ya karanta har zuwa kalmar nasara, ya ja layi a ƙarƙashinta. Ya shaida wa direbobi cewa irin wannan rufewa share fage ce, manya ba sa barin ƙwaƙwalwa irin tasa a Utako, kira zai zo daga ƙasar waje. Ya kai kwat ɗinsa wurin wanki.

Ranar ƙarshe ta wata Dakta Mabel ta ɗauko Hammadu a motarta ta kawo shi Utako. Tunaninta shi ne in Injiniya ya ga mutum ɗaya a gabansa, da ido da hanci, ya saka shi a kwamfuta, ko 'yan shanun da suka rage za su sami shiga wani shirin. Hammadu ya bar sandarsa wurin maigadi, ya hau benen yana dafa bango, ya cire takalmi a bakin kafet ya durƙusa.

Injiniya yana cikin farin ciki ranar, kuma manya in suna farin ciki sukan yi alheri. Ya ce zai saka shi, as a special favour, kuma zai yi hakan a gaban Dakta don a rufe maganar har abada. Ya nuna mata adadin makiyaya a ƙasan allo ya ce ta riƙe shi a ka. Ya tambayi suna. Hammadu. Sunan uba. Hammadu. Ruga bai tambaya ba, don babu wurin rubuta ta. Ya tambayi shanu, Hammadu ya faɗi abin da ya rage da murya ƙasa-ƙasa. Injiniya ya rubuta ya danna maɓalli. A can cikin durowa tsohon Karshi da saniyarsa da maraƙinsa suka bi sahun sauran, ba wanda ya ji motsinsu.

Injiniya ya juyo da allon.

"Dakta, duba adadin. Ya ƙaru?"

Bai ƙaru ba.

"Na saka shi da hannuna, a gabanki, adadi bai motsa ba. In ka ƙara abu a kan lissafi lissafi bai ƙaru ba, me ka ƙara? Sifili. This is pure mathematics. Malam, ba ni na faɗa ba, kimiyya ce ta faɗa. Babu kai."

Hammadu ya kalli allon, inda babu abin da zai iya karantawa, ya juya wajen Dakta Mabel.

"Likita, me ya ce?"

"Ya ce wai babu kai."

Hammadu ya ɗan yi tunani, don ba ya son musu da manya.

"To," ya ce. "Shanun ma sun kusa yarda da shi."

Ya miƙe ya sa takalminsa. A bakin ƙofa ya gaya wa Dakta Mabel cewa gobe zai kora ragowar ya tsallaka zuwa jihar Neja, ya ji a can ƙaho suke kamawa su yi allura, ba sa tambayar suna. Ta raka shi ƙasa tana share ido da bayan hannu.

A matakala suka yi kiciɓis da 'yan dako da hedikwata ta turo. Suka shiga ofishin Injiniya da sallama, babbansu ya cire hula. Injiniya ya gyara zama, ya tambaya ko su ne masu kai kayansa filin jirgi.

"A'a, oga," in ji babban. "An ce mu kwashe duk abin da ke da amfani a ɗakin nan."

Suka ɗauki kwamfuta, suka ɗauki tebur. Suka roƙe shi ya ɗan tashi, suka ɗauki kujera. Suka kwance fanka, suka naɗe kafet, ɗaya ya dawo ya ɗauki kwandon shara. Babban ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya duba ko'ina da kyau, ya duba Injiniya tun daga hula har takalmi, ya ce wa yaransa shi ke nan, sun gama.